Man da Nake Haɗa wa Malam

Sai da ɓarin jikin maigidana na dama ya shanye sannan na koyi haɗa man injin zarto. Kafin nan ni da fetur sai hararar nesa. Ƙosai nake toyawa a ƙofar gidanmu a Dutse Alhaji, sana'ata wuta ce, tasa kuwa abin da wuta ke nema ido rufe. Shekaru muka yi a gida ɗaya ina kare kaskona daga jarkarsa, yana kare jarkarsa daga kaskona.

Shi Bazazzage ne, Allah ya jiƙansa, ni Bakanuwa, don haka ko babu fetur a tsakani ba ma rasa abin tsokanar juna. In muna shiri Malam nake ce masa, in ya taɓo ni kuwa ya koma Bazazzage. Sana'arsa sare itatuwa. Lokacin da muka zo, Abuja tana ta cin daji, duk wanda aka yanka wa fili sai ya nemi mai inji ya kayar masa da abin da ke tsaye a ciki, ya yayyanka, gungumen kirki a kai kasuwar katako, sauran a kai wa masu gidan burodi da masu tuya irina. Daga hanyar Bwari har bayan Zuba babu lungun da bai shiga da injin nan a kafaɗa ba. Yana da abokin aiki guda, mutumin Gbagyi daga wani ƙauye kusa da mu, dogo mai yawan dariya. Shi ke hawa ya ɗaura igiya a ja itace ya faɗi inda ake so, shi ya sa a gidanmu mai igiya muke ce masa. Tare suka yi furfura a aikin, amma Malam bai taɓa barin shi ya riƙe injin ba, balle wani.

Da za ka ga Malam yana haɗa mai sai ka rantse maganin jariri yake aunawa. In gari ya waye sai ya zagaya bayan gida, gindin mangwaro, inda ya jera bulo ya yi wa jarkokinsa 'yar rumfa ya rufa mata kwano. Nan ne ya fi ko'ina nisa da murhuna, kuma rana ba ta leƙa wurin. Injin zarto ba ya shan fetur zalla kamar mota, sai an haɗa masa da wani mai da suke kira tuti, shi ke hana ƙarafan ciki cin juna. Ma'auninsa ƙaramin gwangwanin tumatir ne da ya yanke wa baki ya goge tas. Zai zuba rabin fetur ɗin a galan, ya auna man ya tsiyaye a kai, ya rufe ya girgiza sosai, sannan ya zuba sauran ya sake girgizawa. Ba ya cika galan har wuya. Ya ce fetur numfashi yake yi, in ka matse shi zai nemi hanya da kansa.

Ni kuwa ina daga nesa ina surfen wake ina jefa masa magana.

"Bazazzage, da haka kake lallaɓa ni ai da tuni na yi ƙiba."

"Ke ko ba a zuba miki komai ba da ƙara kike tashi," in ji shi. "Wannan kuwa in ka cuce shi sau ɗaya ya kwanta ke nan."

Wajen zaɓen fetur ma haka yake da tsirfa. Ko an shiga wahalar mai, layi ya miƙe har ya sha kwana, ba ya sayen na 'yan bumburutu da ke jera robobi a bakin titi. Ya gwammace ya wuni a layi aikin ranar ya wuce shi. Ya ce ba ka san abin da aka tsarma a ciki ba, wani kananzir, wani ruwa, wani kuma ya sha rana har ransa ya fita. Wata rana mai igiya ya shigo da galan cike yana washe baki, ya ce, "Oga, na samo maka a Zuba. Wannan fetur tana da kyau, ba layi ba komai." Malam ya ɗiga kaɗan a tafin hannunsa ya hura. Fetur na gari nan take yake tashi, ya bar hannu da sanyi, fata ta yi fari. Wannan kuwa ya zauna yana maiƙo. Malam ya kai masa tafin hanci ya ce, "Shinshina. Ka mayar wa mai shi, ka ce ina gaishe shi."

Dokarsa da ta fi kowacce ƙarfi ita ce haɗi ba ya wuce wata. In ya wuce, launinsa yakan yi duhu, warinsa ya koma na tsohon fenti, in aka ba inji sai ya daskare masa a kafireta kamar ƙaro. Wanda ya kwana biyu sai a juye wa ƙaramin janaretanmu, don shi ma haɗi yake sha kuma ba ya zaɓen abinci. Na sha yi masa mitar warin nan. Yana jikin rigunansa, yana jikin matashin kai, har kofin shayinsa sai na ware daban. In na ishe shi sai ya ce, "Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa." Yau da zan sami wannan warin a ɗakina da ban buɗe taga ba.

Ƙarshen wata damina ne ya faɗi, da safe. Ina jiyo ƙarar girgiza galan daga bayan gida kamar kullum, sai na ji ta ɗauke. Na jira in ji ta biyu ban ji ba. Da na zagaya sai na tarar da shi zaune ya jingina da mangwaron, bakinsa ya karkace, yana kallona yana son magana ta ƙi fita. Galan ɗin yana gefensa a tsaye, murfinsa a ɗaure tam. Maƙwabta suka taya ni muka sa shi a mota. A asibiti aka ce hawan jini ne, ya daɗe da shi bai sani ba.

Ranar da za a sallame mu, likitan ya ja ni bakin ƙofa ya rage murya. Ya ce ƙafar za ta iya dawowa in an dage da motsa ta, maganar ma za ta washe, amma hannun kada in sa rai zai sake ɗaukar abu mai nauyi. Ya ce abin da zan fi kula da shi zuciyarsa ce, don irinsu in suka saki rai jikin ma sakinsu yake yi, su kwanta su ƙi tashi. Na ce na gode. Na koma na tattara kwanukanmu ban faɗa wa Malam ba. Tun daga ranar ba mutuwar hannun nake tsoro ba, ranar da zai gane ya mutu nake tsoro.

Muna dawowa gida kuwa ya juya wa duniya baya. Ya fuskanci bango, abinci sai na yi da gaske. Na ɗora ruwan zafi in gasa masa hannun da ƙafar, ya ce in bar shi. 'Yan dubiya su zo su gaishe shi, ya amsa da ka. Mai igiya ya riƙa zuwa yana zama a bakin ƙofa yana ba shi labarin filayen da ake sharewa, ko juyowa ba ya yi. Mutumin da ba ya iya wucewa ta gabana bai tsokane ni ba, ga shi ina ce masa Bazazzage da gangan yana shiru. Na ji tsoro ƙwarai a kwanakin nan, na riƙa ƙona ƙosai kamar sabuwar shiga.

Wata safiya na shigo da koko, sai na ji ya yi magana yana kallon bango, harshen a nauyaye.

"Haɗin nan ya wuce wata ko?"

"Wane haɗi?"

"Na gindin mangwaro."

"Ya wuce, Malam."

Ya juyo da ƙyar ya dube ni. "To ya lalace. In na tashi da me zan fita aiki? Ki juye wa janareta, ki je ki sayo sabo."

Maganar da ta zo mini baki ba mai daɗi ba ce. Ga magani, ga abinci, ga tuya da ta rage ita kaɗai ke riƙe da gidan, shi kuma ta fetur yake. Amma na dubi idonsa, na ga a karon farko tun faɗuwarsa akwai mutum a ciki. Na haɗiye maganata, na yafa mayafi na ɗauki jarka.

A gidan mai na kan hanyar Bwari ni kaɗai ce mace a layin masu jarka, sauran duk masu janareta ne da 'yan acaɓa. Mai zubawa ya dube ni ya ce, "Hajiya, na jen ne?" Na ce na injin zarto ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ke ce afareta, mai yanka da shi?" Na ce masa in ya gama dariyar ya zuba mini, kuma kada ya cika har wuya. Na bi ta wajen masu kayan babur na sayi man tuti, na nuna musu tsohuwar robar Malam don kada su haɗa ni da wani.

Muka fito da shi ni da maƙwabcinmu, muka zaunar da shi a kujera gindin mangwaro. Ya miƙo tafin hagu na ɗiga masa, ya hura, ya gyaɗa kai. Daga nan rigima ta fara. Na ɗauki jarka zan juye fetur ɗin gaba ɗaya, ya ce rabi. Na ɗauki robar man zan tsiyaya da ido yadda nake zuba gishiri a ƙullu, ya daka mini tsawar da ban san tana nan ba.

"Gwangwanin fa?"

"Haba Malam, ido ba mudu ba ne amma ya san kima."

"A wake ke nan. In ya yi kaɗan inji ya ƙone, in ya yi yawa ya yi ta hayaƙi fulogi ya toshe. Bakanuwa, auna!"

Ina jin ya ce Bakanuwa sai da man ya zuba a yatsuna. Na sunkuyar da kai kamar gwangwanin nake dubawa don kada ya ga idona. Na auna, na rufe, na girgiza. Ya ce girgizar ragwaye ce. Na ce in ya fi ni iyawa ga galan nan. Na faɗa ne da zafin baki, amma sai na ga ya dubi hannunsa na dama da ke yashe a cinyarsa. Na ɗauko hannun na ɗora a mariƙin galan, na ɗora nawa a kan nasa, muka girgiza tare. Hannun ba ƙarfi ko kaɗan, sanyi ƙalau. Da muka gama ya ce, "Wancan watan zai fi haka."

Bai tsaya nan ba. Ya ce inji in ya daɗe bai tashi ba tsohon mai yana kwana a hanjinsa, sai an tayar da shi sabon ya zagaya. Na ce a kira mai igiya. Ya ce a'a. Na ce to wa zai tayar? Ya dube ni sama da ƙasa ya ce hannun da ya shekara nawa yana ɗaga taɓarya ba zai kasa jan igiya ba. Ya sa na ajiye injin a ƙasa nesa da rumfar man, na danna abin da ke tsayar da sarƙa, na sa ƙafa a mariƙin baya, na ja. Na ja har kafaɗata ta yi tsami, ina ja ina yi wa Zazzau da mutanenta addu'ar da ba ta alheri ba. Can sai ya yi tari, ya kama. Na yi baya da gudu har zanina ya kusa kwancewa. Malam ya yi dariya da rabin bakinsa har hawaye ya zubo masa. Ban da shi, ni ce mutum ta farko da ta taɓa tayar da injin nan. Ranar sai da na yi wanka na sauya kaya kafin ya yarda in kusanci murhu, kuma da yamma da kansa ya ce in ɗora ruwan gashi.

Haka muka shiga yi. Da an ce wata ya kama sai in juye tsohon haɗi a janareta, in ɗauki jarka in tafi layi. Malam ya mayar da gindin mangwaron nan wurin zuwansa. Da farko ɗaukarsa ake yi, sannan ya riƙa dafa kafaɗata, daga baya ya koma dogara sanda yana jan ƙafa, yana hutawa a jikin bango. Ya karɓi gashi safe da yamma. Ya sa na ba shi ƙwallon roba yana matsawa, ko kuma in ce yana ƙoƙarin matsawa. Tsakanin haɗi da haɗi yakan sa in fito masa da sarƙar ya wasa haƙoranta da hagu, ni ina riƙe masa. Ni kuma hannuna ya faɗa. Na iya gane fetur da hanci tun mai zubawa bai gama ba, na san yadda ake sassauta murfi a hankali ya huce kafin a buɗe, na san a ɗaure shi tam don kada raɓa ta shiga. Duk wahalar da ke cikin watannin nan, in aka ce in zaɓi kwanakin da zan maimaita a aurenmu, a cikinsu zan zaɓa. Ba mu taɓa zama mu biyu muna aiki ɗaya ba sai a lokacin.

Babban ɗanmu direba ne a wata ma'aikatar gwamnati, yana zaune a Kubwa da iyalinsa, yakan zo ƙarshen mako. Ya tarar da mu rannan muna girgiza galan, ya tsaya yana kallo. Da na shiga kicin sai ya biyo ni.

"Umma, wannan fa yaudarar kai ce. Kin san abin da dokta ya ce. Ki faɗa wa Baba gaskiya mana, a sayar da injin nan tun yana da kyau, ke ma ki huta da zaryar gidan mai."

"Na ce maka na gaji?"

"Ba haka ba ne, amma har yaushe za a yi ta..."

"Da ka zo wancan karon a kwance ka same shi ko a zaune? Yau fa? Da ƙafar wa ya je bayan gida?"

Na ce masa ranar da ya zama shi ke juya uban nasa a shimfiɗa sai ya zaɓi abin da za a faɗa masa. Ya fita ransa a ɓace. Yaron ba ƙarya ya yi ba, shi ya sa ma na yi masa faɗa. Ƙafar tana dawowa, maganar ta washe, amma hannun yana nan jiya i yau. In na ɗora shi a galan sai na ji nawa ne kaɗai ke aiki. Malam kuwa kowane wata sai ya ce ya ji ya fi na baya, ni kuma in ce ƙwarai kuwa.

Ruwan farko na damina ya zo mana da rana tsaka, da iska mai tsanani. Da ta lafa sai muka ji ihu a layinmu. Wata tsohuwar bishiyar malaina da ke bakin hanya ce ta tumɓuke, ta faɗa kan katangar maƙwabcinmu, wani babban reshe ya danne rufin ɗakin da matarsa ke kwana da yara. Allah ya tsare ba wanda ya ji rauni, amma kwanon yana ta lotsawa, ga hadari bai gama watsewa ba. Duk unguwar an san gidan da inji yake, kuma an saba jin ƙararsa duk wata. Kafin ka ce me, ga mutane a ƙofar gidanmu suna sallama, suna cewa a taimaka da inji.

Na fito zan ce musu su nemi wani, sai na ji Malam a bayana.

"Ɗauko shi."

"Malam, ƙasa duk santsi ce. Bari a kira mai igiya."

"A kira shi, ai da igiya za a ja. Ke dai ɗauko, ki girgiza galan ɗin kafin ki zuba."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na cika tankin, na ɗauko injin na rungume, yana gaba da sandarsa ina biye. Mutane suka dare suka ba shi hanya, wasu har da cewa, "Yauwa, ga Baba mai inji nan." Ya zagaya bishiyar a hankali yana dubawa, ya nuna inda nauyin yake da inda za a fara. Muryarsa ta koma irin ta da. Mai igiya ya iso a kan acaɓa da igiyarsa a kafaɗa, ya hau ya ɗaure reshen. Na ajiye injin a busasshen wuri na ja, bugu na biyu ya tashi.

Malam ya miƙa wa wani sandarsa. Ya sunkuya ya kama mariƙin gaba da hagu ya ɗaga. Ya ce in ɗora masa hannun dama a mariƙin baya, inda ake matsa wuta. Na ɗora. Yatsun suka zauna a wurin yadda na ajiye su. Ina ganin jijiyar wuyansa ta tashi, yana kallon yatsan da zai matsa wutar yana ba shi umarni, yatsan bai motsa ba. Hannun ya zame, bakin injin ya sunkuya ya caki laka. Ya ce in sake ɗorawa. Na sake, ya sake zamewa. Injin yana ta bugawa a hankali yana jira. Sai wata tsohuwa ta ce, "Sannu, Baba." Da na sami dama ranar da na rufe mata baki da hannuna.

Ya daɗe a sunkuye, sannan ya ajiye injin a ƙasa ya ɗago. Ya dubi mai igiya da ya sauko yana tsaye.

"Zo ka karɓa."

"Oga, ni?"

"Da wa nake? Ka fara ta ƙasa kaɗan, sannan ka dawo ta sama, kada ya matse maka sarƙa."

Mai igiya ya goge hannuwansa a wando kafin ya taɓa injin. Ashe duk shekarun nan idonsa na kan hannun Malam, don bai yi kuskure ba. Samari suka ja igiya, reshen ya tashi daga kan rufin ya faɗi a hanya, mutane suka yi ta kabbara. Malam yana tsaye dafe da sandarsa, ba ya kallon bishiyar, ya karkata kai yana sauraron injin. Hayaƙin siriri ne, ƙarar ba ta sarƙewa. Ya ce mini, ba tare da ya juyo ba, "Haɗin ya yi."

Bayan la'asar aka gama. Mai igiya ya rako mu da injin har gida, ya ajiye ya tafi ba dariya ba sallamar kirki. Ni kuwa ina jiran in ga Malam ya nufi ɗaki ya fuskanci bango. Sai ya wuce gindin mangwaro ya zauna a kujerarsa. Ya sa na goge lakar da garin katakon, na cire sarƙar na shafe ta da mai. Da injin ya huce ya ce in buɗe tankin in juye abin da ya rage a galan, kada in bar ko ɗigo. Na juye.

"To matsar da shi can, ki tayar."

"Da wane man? Ai na juye."

"Akwai saura a hanjinsa. Ki bar shi ya shanye har ya mutu da kansa. Haka ake yi wa injin da za a ajiye."

A gidanmu ban taɓa ganin an yi haka ba, don injin bai taɓa hutun da zai buƙaci hakan ba. Na tsaya da igiyar a hannuna.

"Malam, watan ma bai ƙare ba. Yau sanyi ne ya kama hannun, ga mutane sun yi maka yawa. Wancan watan..."

"Na ji abin da likita ya faɗa miki a bakin ƙofa," in ji shi. "Kunnena bai shanye ba. Ji na ji tun ranar, yarda ce ban yi ba sai yau. Tayar, Bakanuwa."

Na sa ƙafa na ja, ina gani dishi-dishi. Ya kama. Na dawo na tsuguna kusa da kujerarsa muka zuba masa ido. Ya yi ta bugawa yadda ya saba, har na fara zaton ba zai tsaya ba. Can sai ƙarar ta ɗaga sama kamar an matsa masa wuta, ta sauko, ya yi tari, ya yi shiru. Sai ɗigar ruwa daga ganyen mangwaro a kan kwanon rumfar.

Na kasa kallonsa. Ina jira in ji ya ce in kai shi ɗaki, na kuma san in ya kwanta wannan karon ba ni da abin da zan tashe shi da shi. Ya daɗe yana kallon injin. Sannan ya laluba ya ɗauki sandarsa, ya yunƙura, na kai hannu zan taimake shi ya ce in bari. Ya miƙe da kansa.

"Gobe ki ɗora ruwan gashin da wuri," in ji shi. "Ƙafar nan dai tana jin magana. Ina so in kai kaina masallaci."

Na ce to. Na tsaya ina kallonsa yana jan ƙafa yana dafa bango har ya sha kwana, sannan na zauna a kujerar da ya tashi na yi kukan da ban yi ba tun ranar da ya faɗi.